Yawon Barar Masu Zuba Jari Ya Isa Haka

Wai har yanzu jiran masu zuba jari daga ƙasashen waje muke yi? Tun dawowar mulkin farar hula a 1999 waƙar ke nan guda, amshi guda. Duk shugaban da ya hau, kafin ya gama sanin ƙofofin fadar Aso Rock ya riga ya cika jirgi da ministoci da gwamnoni da 'yan rakiya, an tafi farauto attajiran duniya. Yau Landan, gobe Dubai, jibi Beijin. A yi musabaha, a yi murmushi, a ɗaga takardar yarjejeniyar fahimtar juna sama a ɗauki hoto, a dawo a ce mana an samo alkawarin dala biliyan kaza. Mu yi ta tafi. Shekara ta zagayo ka nemi bulo ɗaya da aka aza, ka rasa. Sai a sake cika jirgi.

A Satumbar 2023, lokacin taron G20 a Indiya, an sanar da mu cewa attajiran can sun yi wa Shugaba Tinubu alkawarin jarin kusan dala biliyan 14. A cikin watan nan dai aka je Niyok aka kaɗa ƙararrawar kasuwar hannun jari ta Nasdaq. A Afrilun 2024 kuma daga Riyad aka aiko da bushara cewa kamfanin jiragen ruwa na Maersk zai zuba dala miliyan 600 a tashoshinmu. Ba a jima ba kamfanin ya fito ya ce shi fa bai sa hannu a kan wata sabuwar yarjejeniya ba. Kunya ba ta kama kowa ba. Aka shafa wa labari shuni aka wuce.

To mu bar baki mu duba littafi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta gwamnati ce fa ba ta 'yan adawa ba, ita ta ce a duk shekarar 2023 jarin da baƙi suka shigo da shi kai tsaye, wato irin wanda ake kafa masana'anta da shi a ɗauki ma'aikata, bai kai dala miliyan 400 ba. Raba mana shi, mu mutum sama da miliyan 200, ko dala biyu-biyu ba za mu tashi da ita ba. Tsakanin Afrilu da Yunin 2024 kuwa bai cika dala miliyan 30 ba. Ɗan abin da ke shigowar ma a Legas da Abuja yake tsayawa. Jihohi da yawa shekara kan fita ba su ga ko sisi ba, amma hakan bai hana gwamnoninsu kama otal a shirya taron zuba jari ba, har da anko.

Za a ce maka ai biliyoyi na shigowa. E, suna shigowa. Amma tambayi ina suke zuwa. Akasarinsu takardun bashin gwamnati suke saye, saboda Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Mai irin wannan kuɗi ba ya gina komai, ba ya ɗaukar ko maigadi, yana zaune a Landan gaban kwamfuta, ranar da ya ji ƙyas ya danna ya kwashe abinsa. Kuɗin ruwan da ya jawo shi kuma shi ne ya shaƙe mai masana'antar gida, wanda in ya je banki za a ce ya biya kashi talatin ko fiye. Wace sana'a ce ta halal za ta biya wannan, ta biya ma'aikata, ta sayi dizal, kuma ta bar wa mai ita na cefane?

Kai da ka taɓa aurar da 'ya ko ƙanwa ka san yadda ake yi. Manemi ya zo da babbar riga da turare da daɗin baki, ba a biye wa wannan. Bincike ake turawa unguwarsu, a tambayi maƙwabta, a tambayi mai shago, musamman a ji yadda uwargida take a hannunsa. In aka tarar kullum kukanta ake jiyowa ta katanga, cefane sai da rigima, wadda ta gabace ta ma da yaji ta fita ba ta dawo ba, magana ta mutu, ko da sadakin zinariya ya zo. Mai kuɗi ma haka yake da dukiyarsa. Ba jawabin minista yake saurare ba. Waya zai ɗaga ya kira wanda ya riga shi shigowa, ya ce yaya kake ji a wurin nan?

Kuma ni da kai mun san amsar da zai samu. Kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline ya sanar da tattara nasa ya nasa a Agustan 2023 bayan shekara 51, masu ciwon asma sun ji a jikinsu da farashin abin shaƙa ya yi tashin gwauron zabo. Procter & Gamble, masu Pampers da Ariel, sun kashe kusan dala miliyan 300 a masana'antarsu ta Agbara a Jihar Ogun, aka yi bikin buɗewa a 2017, shekara na zagayowa suka rufe, a ƙarshen 2023 kuma suka ce sun daina yin komai a nan, daga waje za su riƙa aiko mana. Kimberly-Clark, masu Huggies, sun buɗe ta dala miliyan 100 a Ikorodu a 2022, a 2024 suka ce sai wata rana. Unilever ya daina yin Omo da Lux a ƙasar nan. Shoprite na Kano ya rufe a farkon 2024. Ƙasar da ake haihuwa ba dare ba rana, amma mai sayar da ƙunzugun jarirai ya kasa zama! Muna tura tawaga ta ƙofar gaba a kira sababbi, tsofaffin na ficewa ta ƙofar baya, kuma babu wanda ya bi su ya ce me muka yi muku.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake magana kamar ba mu taɓa ganin masu zuba jari ba. Mun gan su, a nan Arewa ma kuwa. A 1957 gwamnatin Sardauna ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa masaƙar KTL a Kakuri. 'Yan Hongkong suka zo suka kafa UNTL, Japanawa suka shigo Arewa Textiles. Faransawa suka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, Steyr na Bauci, Fiat na Kano. Tambayi duk dattijon da ya zauna Kakuri ko Makera yadda titi ke cika da kekuna idan jiniyar tashi daga aiki ta kaɗa. Bompai da Sharaɗa da Challawa su ma haka. Me ya kawo waɗannan mutane? Audugar Funtuwa da Gusau ce, da jirgin ƙasan da ke ɗauko ta, da wutar da ba ta ɗaukewa sai da dalili, da kasuwar da ke jiran atamfa. Ba wanda ya durƙusa musu. Da wuta ta lalace, jirgi ya tsaya, 'yan fasa-ƙwauri suka cika kasuwa da kayan waje jami'ai na kallo, sai masaƙun suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. KTL ta rufe a 2002, ma'aikata da yawa sun mutu suna jiran haƙƙinsu. Yau shiga Kantin Kwari ka duba bakin atamfa ka ga inda aka yi ta. Michelin da Dunlop ma sun daina yin taya a 2007 da 2008, a ƙasar da itacen roba ke tsirowa. Ba mu gyara ko ɗaya daga abubuwan da suka kore su ba, amma muna mamakin me ya sa 'ya'yansu ba sa zuwa.

Wuta. Kullum wuta. Ƙasa mai wannan yawan jama'a tana rarraba megawat dubu huɗu zuwa biyar, kuma babban layin ƙasa ya faɗi kusan sau goma sha biyu a 2024 kaɗai. A Oktoban shekarar, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan ɗaya layin ma ya samu matsala, akasarin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda a duhu. Masu ƙanƙara, masu walda, masu niƙa, masu casar shinkafa, asibitoci, kowa ya ɗanɗana. Ka ce da ni a cikin makon nan wani Bajamushe yana zaune da taswira yana tunanin kafa masana'anta a Kano? A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, bisa alkawarin awa ashirin a rana. Kuɗin dai an karɓa. Dizal kuma, wanda a farkon 2022 bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, ya haura naira dubu. Saboda haka duk mai masana'anta a ƙasar nan sai ya zama shi ne kamfanin wutar kansa, shi ne hukumar ruwa da rijiyar burtsatse, shi ne mai gyaran titin ƙofarsa, shi ne mai biyan 'yan sintiri. In ya gama duk wannan sai ga mutanen haraji da kwaɗo a hannu.

Ga wani abin takaicin. Kamfanin Siemens na Jamus ya gina wa Masar tashoshi uku masu megawat 14,400 cikin ƙasa da shekara biyu da rabi, aka gama a 2018. Shi dai wannan Siemens ɗin muka sa hannu da shi a Yulin 2019, aka ce za mu kai megawat 7,000 a 2021, mu kai 11,000 a 2023, mu kai 25,000 a 2025. Kamfani ɗaya, injiniyoyi iri ɗaya. Bambancin a wurin wa yake? Aikin tashar wutar Mambila kuwa kada ma a tayar da maganar, tun kafin a haifi wasu ministocin ake ambatonsa, har yau shari'a ta fi aiki yawa.

Amma wallahi ko duhun ma da sauƙi a kan tufka da warwara. Mai kuɗi zai iya lissafa dizal ya sa a farashi. Abin da ba ya lissafuwa shi ne gwamnatin da ba a san da wace ƙafa za ta tashi gobe ba. A Yulin 2019 Shugaba Buhari ya je Yamai ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Wata guda bayan nan ya rufe iyakokin ƙasa, suka zauna a rufe har Disambar 2020, 'yan kasuwar Dawanau da Jibiya da Illela da Maigatari suka yi ta kirga asara. A 2015 aka hana masu shigo da kaya iri 41 samun dala daga banki, aka ce kowa ya zo ya yi a gida. Mutane suka yarda, suka ci bashi, suka kakkafa injinan shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa. A Oktoban 2023 aka ɗage hanin, a Yulin 2024 aka yafe harajin shigo da shinkafa da masara da alkama na wani lokaci. Ban ce a bar talaka da yunwa ba, ni ma kasuwar nake zuwa. Amma wanda ya ci bashi a kan maganar gwamnati fa, wa zai biya masa? A Fabrairun 2024, ana tsakiyar wannan yawon kiran baƙi, sai aka ƙaddamar da harajin ma'aikata 'yan ƙasashen waje: dala 15,000 a kan kowane darakta, dala 10,000 a kan sauran, duk shekara. Aka yi ca, ko wata bai cika ba aka dakatar. A Mayu aka fito da harajin tsaron intanet a kan tura kuɗi, aka yi ca, aka dakatar. Wai babu mai zama ya yi tunani ne kafin a buga sanarwa?

Sai kuma maganar fita da kuɗi. Ba mahaukacin da zai shiga ɗakin da ƙofarsa shiga kawai take yi. Kuɗin kamfanonin jiragen sama na waje da ya maƙale a Najeriya ya haura dala miliyan 800 a 2023, Emirates kuwa tun a 2022 ya daina zuwa, bai dawo ba sai Oktoban 2024. A 2018 Babban Banki ya ce MTN ya dawo da dala biliyan 8.1, aka yi ta hayaniya, hannun jarin kamfanin ya faɗi, daga ƙarshe aka sasanta a kan dala miliyan 53. Daga biliyan takwas zuwa miliyan hamsin! Ko cinikin akuya ba a yin irin wannan ragi. A 2024 aka gayyato jami'an kamfanin kuɗin kirifto na Binance tattaunawa, aka tsare su, ɗaya ya yi wata takwas a hannu. Ko kamfanin na da laifi, akwai yadda ake bi. Duk wani darakta a duniya ya karanta labarin nan, kuma ya fahimci cewa gayyatar Abuja tana iya zama ta zuwa babu dawowa. Wanda ya shigo da dala lokacin tana naira 460 kuma, ya wayi gari ta haura 1,500, ribar shekarunsa ta narke yana kallo.

Hanya da tsaro ba sai na ɓata maka lokaci ba. Ka san shingaye nawa tirela ke wucewa daga Apapa zuwa Kano, kuma ka san ba gaisuwa ake tsayawa yi ba. An fara aikin titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano a 2018, aka yi shekaru ba a gama ba. Jirgin ƙasan da manya suka koma don gudun titin, shi ma an tare shi ranar 28 ga Maris 2022. Kotu kuwa, ka shigar da ƙarar kwangila kana saurayi, a yanke hukunci kana da jika.

In kana son ka san yadda baƙo zai kwashe da mu, dubi ɗan gida. Aliko Dangote ya zuba kusan dala biliyan 20 a matatar Lekki mai tace ganga 650,000 a rana, abin da gwamnati da matatunta huɗu ta kasa shekara da shekaru. Me ya biyo baya? Sai da ya riƙa sayo ɗanyen mai daga Amurka, a ƙasar da ke haƙo mai. A Yulin 2024 shugaban hukumar da ke kula da harkar ya fito bainar jama'a yana kushe ingancin dizal ɗin matatar. Ba waliyyi na ce Dangote ba ne, ɗan kasuwa ne, kuma maganar kada mutum ɗaya ya mamaye kasuwa magana ce. Amma mutumin da ya fi kowa kuɗi a Afirka, mai lambar wayar kowane shugaba, in shi sai da ya yi kuka a gaban 'yan jarida, yaya mai injin leda a Sharaɗa? Yaya baƙon da bai san kowa ba? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Su kansu masu kiran a zo a zuba jarin, ina nasu yake? Gidaje a Dubai da Landan, 'ya'ya a makarantun waje, ciwon kai ma sai an hau jirgi. In kura na maganin zawo ta yi wa kanta mana. Kana roƙon Bature ya kawo dukiyarsa inda kai ka kwashe taka ka gudu da ita, kuma a bankin garinsu ka ajiye. Ka ɗauka bai gani ba ne?

An kafa kwamitin sauƙaƙa kasuwanci na fadar shugaban ƙasa a 2016, aka yi ta murna da muka tashi daga ta 169 zuwa ta 131 a jerin Bankin Duniya. Rajistar kamfani ta yi sauƙi, wannan gaskiya ne, a waya ma kana iya yi. Sai ga shi a 2021 bankin da kansa ya soke rahoton bayan an gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe. Mun yi shekaru muna karatun jarrabawar da aka soke. Sauƙin rajista kuma me ya tsinana wa wanda zai karɓi satifiket yau, gobe ma'aikatan ƙaramar hukuma da na jiha da na tarayya su yi masa layi, wannan na kuɗin allo, wannan na shara, wannan na hayaƙin janareta? Kwamitin gyaran haraji na gwamnati da bakinsa ya ce harajin da ke kan doka sun haura sittin, ban da na 'yan sanda da gora. An sa hannu a sababbin dokokin haraji a 2025, an kuma biya bashin dalar da ya taru a Babban Banki, naira ta ɗan natsu. Madalla. Amma mun sha ganin doka mai kyau a takarda, gani ya kori ji. Kuma ina tsoron irin gyaran da za a yafe wa baƙo haraji na shekaru, a ba shi fili kyauta da 'yan sandan rakiya, a bar ɗan gida da kwaɗo a ƙofa. Baƙo raɓa ne. Hutun harajinsa na ƙarewa zai kama gabansa, in dai abin da ya riƙe shi ke nan.

Mutanen Biyetnam ba mala'iku ba ne. Jam'iyya ɗaya ke mulki, cin hanci na nan, har manya ake ɗaurewa a kansa. Yaƙi ya ragargaza su har 1975, sai a 1986 suka buɗe kasuwa. Amma yau jarin waje da ke shiga ƙasar a aikace ya haura dala biliyan 20 duk shekara, Samsung kuma ya mai da arewacin ƙasar babbar cibiyar haɗa wayoyinsa, ba mamaki wadda ke hannunka ma daga can ta fito. A 2023 zafi da ƙarancin ruwa suka jawo ɗauke wuta a yankin masana'antun, kamfanoni suka yi ƙorafi. Ba a kafa kwamiti ya tafi Dubai ba. Layin wuta mai tsawon sama da kilomita 500 suka ja daga tsakiyar ƙasar zuwa arewa, suka gama shi cikin ƙasa da shekara guda, a Agustan 2024.

Mu ma muna da namu aikin mai kusan wannan tsawon. Bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, dala biliyan 2.8, wanda aka ce shi zai tayar da masana'antun Arewa daga suma. An ƙaddamar da shi a Yunin 2020, aka ce shekara biyu. 2022 ta wuce. Aka sa sabon wa'adi, 2023 ta wuce. Aka sake sa wani, 2024 ma ta wuce, kowane shugaban NNPC da nasa kashi kaza cikin ɗari da aka kammala. Masu masana'antun Challawa da suka rage suna nan suna sayen dizal da tanka, wasu aikin kwana uku suke yi a mako, sauran kwanakin ma'aikata su zauna a gida ba albashi.